Katakon da ya zama hukuma: tarihin kalmar "board"

Duk wanda ya yi firamare ya san wahalar rubuta kalmar "cupboard". Malami ya furta, kunne ya ji kabad, hannu ya rubuta abin da aka ji, sai a ga jan biro. Akwai harafin p a ciki wanda ba a furtawa, akwai r wanda Baturen kudancin Ingila ba ya taɓawa, ga wasula biyu da suka narke suka koma ɗan guntun sauti. Bahaushe da kunne ya ari kalmar, shi ya sa muke cewa kabad, kuma a gaskiya furucinmu ya fi kusa da na mutumin Landan fiye da na ɗalibin da ke binta harafi-harafi. Haka ma hankici: rubutun "handkerchief" yana da d, amma su kansu masu harshen sun daɗe da haɗiye shi.

To amma wannan rubutu mai wahala shi ne ya adana mana tarihi. Kalmomi biyu ne aka haɗa: "cup", wato kofi, da "board", wato katako. Katakon ajiye kofuna ke nan. Kuma wannan "board" ɗin, in ka bi sawunta, za ka same ta a wuraren da ba ka zata ba: a makarantar kwana, a tikitin jirgin sama, a gaban direban mota, a cikin wayar hannunka, a kan iyakar Najeriya da Nijar, har da harafin ƙarshe na JAMB.

A tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila kafin shekarar 1066, ana rubuta kalmar "bord", kuma ma'anarta ta farko falankin katako ne da aka tsaga daga itace. Daga nan duk abin da aka yi da falanki yana iya ɗaukar sunan. Garkuwar mayaƙan wancan zamani da katako ake yinta, saboda haka a waƙoƙinsu na yaƙi garkuwa ma "bord" ce, kuma in dakaru suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka haɗa garkuwoyi, wannan katangar sunanta "bordweall". Gefen jirgin ruwa ma "bord" ne. Masana asalin kalmomi da dama suna ganin tun fil azal kalmomi biyu ne masu kama da juna a harsunan Jamusawan dā, ɗaya tana nufin falanki, ɗaya tana nufin gefe ko baki, sai suka cakuɗe suka zama ɗaya. Wannan zai yi mana amfani nan gaba, a riƙe shi.

Reshen da ya fi yin 'ya'ya shi ne na cin abinci. A gidan mai hali a Ingila ta tsakiyar zamani, rayuwar gida kusan duk a babban zaure ɗaya take. A nan ake cin abinci, a nan ake sauraron ƙara, a nan barori da yawa suke kwana. Ɗaki mai aiki uku irin wannan ba ya ɗaukar tebur mai nauyi da zai tare wuri dare da rana. Abin da ake yi shi ne, in lokacin abinci ya yi a fito da wasu ƙafafu na itace a kafa, a ɗora dogon falanki a kai, a shimfiɗa ƙyalle. In an gama a ɗauke falankin a jingine shi a bango. Wato teburin nasu katako ne kawai a zahiri, kuma haka suke kiransa. Tebur kafaffe wanda ba a ɗaukewa alamar wadata ce. Shi ya sa marubuci Geoffrey Chaucer, a littafinsa The Canterbury Tales na ƙarshen ƙarni na 14, da ya so nuna karamcin wani attajirin ƙauye, sai ya ambaci cewa teburinsa a tsaye yake a zaure kullum, a shirye don baƙi.

Kalmar "table" da ta zo ta ture "board" daga wannan matsayi, daga Latin take, "tabula", kuma ta samu ƙarfi ne ta hanyar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Abin dariya, ita ma "tabula" asalin ma'anarta falanki ne. An kori katako an kawo katako, sai dai na biyun ya zo da rigar masu mulki. Ita ce ta iso mu a matsayin tebur. A ƙasashen da Normawa ba su mulka ba, tsohuwar kalmar tana nan daram: a Suwidin, Nowe da Denmak har gobe tebur "bord" ne. A Holan kuwa kalmar ta ƙanƙance, "bord" faranti ne na cin abinci, ko allon aji, ko allon kan titi.

A wannan zauren ne kabad ta samo asali, kuma kabad ɗin farko ba ta da ƙofa. A ƙarshen ƙarni na 14, lokacin da kalmar ta fara bayyana a rubuce, tana nufin wani tebur ko kanta a gefen zaure inda ake jera kofuna da tasoshin azurfa da na zinariya. Aikinta a gani ne. A zamanin da ba a ajiye dukiya a banki, mai gida yakan narka arzikinsa ya mayar da shi kwanuka, ya jera su inda duk baƙon da ya shigo zai ƙirga da ido. A fadojin Turai na ƙarni na 15, musamman fadar Burgundi, har yawan hawan kantar yana da ƙa'ida, gwargwadon matsayin mai ita. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga jere, kwanuka da tasoshi da kwalla an ɗora su hawa-hawa har kusa da rufi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Dabarar ɗaya ce: dukiya ce da ake iya sayarwa ranar buƙata, kuma shaida ce ta gidan da aka fito.

Daga ƙarni na 16 ne aka fara sa wa kantar ƙofofi, ma'anar ta juya ta koma akwatin da ake rufewa. Abin da aka ƙirƙira don nunawa ya zama wurin ɓoyewa, har ta kai Turawan Ingila in suna maganar wani abin kunya da iyali ke rufa wa asiri sai su ce akwai ƙwarangwal a kabad. Suna kuma da "cupboard love", son kabad, wato irin ƙaunar da kyanwa ke nuna maka saboda ta san kai ne mai buɗe wurin abinci. Mu da mun ce son abin hannu.

Daga tebur, sai kalmar ta zame ta koma kan abin da ke bisa teburin. Tun ƙarshen ƙarni na 14 "board" tana iya nufin abincin da ake ba mutum kullum. Almajirin sana'a da ke zaune gidan maigidansa, ko baran gona, sau da yawa wani kaso na ladansa ci da kwana ne, abin da suke kira "bed and board", gado da katako. Wanda ke biyan kuɗi yana ci yana kwana a gidan wani shi ne "boarder". Makarantar da ke ciyar da ɗalibai ta kwanar da su ita ce "boarding school". Lura da bambancin: Bature ya sa wa makarantar suna daga ci, Bahaushe ya sa mata daga kwana. In kuma ka ga otal ya rubuta "full board", yana nufin kuɗin ɗaki ya haɗa da abinci sau uku, "half board" kuma karin kumallo da na dare.

A kan wannan teburin ma aka samu "above board", da ake faɗa wa harkar da babu rufa-rufa a cikinta. Samuel Johnson, a ƙamus ɗinsa na 1755, ya bayyana cewa daga 'yan karta ta fito: mai son musanya kati a ɓoye sai ya saukar da hannu ƙarƙashin tebur, don haka wanda hannunsa ke bisa katako ba a zarginsa.

Yanzu ga inda abin ya yi nauyi. Mutanen da suke zama kewaye da tebur suna yanke shawara, a hankali sai sunan teburin ya koma kansu. Zuwa farkon ƙarni na 17 Turawa suna cewa "the board" suna nufin majalisar da ke zama, ba katakon ba. A fadar sarkin Ingila akwai wani kwamiti da ke duba lissafin kuɗin gidan sarauta, sunansa Board of Green Cloth, saboda koren ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin da suke zama. Kwamitin ya rayu har farkon ƙarni na 21, ko da yake a ƙarshe aikin da ya rage masa bai wuce ba wa wasu mashaya da ke kewayen fada lasisi ba. A 1696 Sarki William na Uku ya kafa kwamitin kasuwanci da yankunan mallaka wanda aka fi sani da Board of Trade. Masu sha'awar tarihin kimiyya kuma sun san Board of Longitude, wadda dokar 1714 ta haifar, da alƙawarin kyautar da ta kai fam 20,000 ga wanda ya samo hanyar da jirgi zai san matsayinsa gabas ko yamma a tsakiyar teku. Da ita maƙerin agogo John Harrison ya shafe shekaru yana ja-in-ja kan haƙƙinsa.

Wannan ɗabi'a ta kiran hukuma da sunan kayan ɗakinta ba ta Turawan Ingila kaɗai ba ce. Baitulmalinsu, Exchequer, ya samu suna daga ƙyalle mai gida-gida kamar na dara da ake shimfiɗawa a tebur a ƙarni na 12, ana jera ƙwayoyin ƙirga a kai ana lissafin haraji, kuma ministan kuɗinsu har yau da wannan sunan ake kiransa. Faransawa suna da "bure", wani kaushin ƙyalle na ulu da ake rufe teburin rubutu da shi, daga nan "bureau" ya zama teburin, ya zama ɗakin, ya zama ma'aikatar. Shi ne biro da mutanen Maraɗi da Damagaram ke zuwa neman takarda. Biron da ɗan Kano ke rubutu da shi daban ne, sunan László Bíró ne, ɗan ƙasar Hangari da ya ƙirƙiro alƙalamin. Banki ma daga bencin 'yan canji na Italiya ya fito.

Akwai wani labari da ke yawo a intanet, wai an samu "chairman of the board" ne saboda a zauren dā maigida kaɗai ke da kujera, sauran kowa a benci. Gaskiya ne kujera mai majingini ta manya ce a lokacin. Amma a ganina labarin ya yi daɗi fiye da kima. Kujera a matsayin alamar iko ta girmi wannan zauren nesa ba kusa ba: kalmar "chair" kanta daga "cathedra" take, kujerar babban limamin coci, kuma "chairman" sai a tsakiyar ƙarni na 17 ta bayyana, cikin harkar taruka da kwamitoci. Ita ce ciyaman ɗinmu na ƙaramar hukuma.

Wannan ma'ana ta hukuma ita ce ta fi taɓa rayuwar kakanninmu kai tsaye. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta karɓe sayen amfanin gonar da ake fitarwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, ta hannun wata hukuma da aka kira West African Produce Control Board. Bayan yaƙi ba a saki ba. A 1947 aka kafa hukumomin sayen koko a Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, a 1949 aka kafa na gyaɗa da auduga da manja a Najeriya, a 1954 kuma aka raba su bisa jihohi, Jihar Arewa ta samu tata. Tsarin shi ne hukuma ta yanke farashi a farkon kaka, dillalai masu lasisi su saya daga manomi a kan wannan farashi, ita kaɗai kuma ke da ikon sayarwa waje. Dalar gyaɗa ta Kano da muke alfahari da hotunanta, buhunan da ke jiran jirgin ƙasa ne ya kai su Legas, kuma a shekarun da ta fi tsayi, a ƙarƙashin wannan tsari take.

Hujjar da aka bayar mai kyau ce a takarda: a shekarar da farashin duniya ya hau a ajiye rara, a shekarar da ya faɗi a tallafa wa manomi da ita. Abin da ya faru a aikace shi ne, shekaru da yawa ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya sosai, rarar ta taru, gwamnatoci suka mayar da ita kuɗin ayyukansu. Wasu ayyukan sun amfani jama'a, ba a musu. Amma haraji ne da ba a kira shi haraji ba, kuma wanda ya biya shi ba ya cikin masu zama a teburin. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki tsarin tun a littafinsa West African Trade na 1954. Najeriya ba ta rushe hukumomin ba sai a 1986, zamanin shirin SAP. Gana ta riƙe tata, ita ce COCOBOD ta yau. Ita kuwa JAMB, da aka kafa a 1978, da SUBEB ta kowace jiha, harafin B ɗinsu wannan katakon ne dai.

Sai mu koma ga ɗaya tushen, mai nufin gefe. Jiragen ruwan mutanen arewacin Turai na dā ba su da sitiyari a tsakiyar baya. Da wani babban matuƙi na katako ake juya su, wanda ake ɗaurewa a gefen dama saboda yawancin mutane na-dama ne. Wannan gefen sai aka kira shi "steorbord", gefen tuƙi, shi ne "starboard" na yau, kuma ba ruwansa da tauraro ko da yake rubutun yana ruɗi. Kalmar tana cikin labarin da wani matafiyi ɗan Nowe mai suna Ohthere ya ba Sarki Alfred a ƙarshen ƙarni na 9, inda yake bayanin tafiyarsa zuwa can ƙuryar arewa. Gefen hagu kuma a lokacin "bæcbord" ne, gefen da matuƙi ya ba baya. Daga baya Turawan Ingila suka koma cewa "larboard", sai aka ga a cikin iska da ruri kunne ba ya bambanta ta da "starboard", kuma kuskure irin wannan yana iya kifar da jirgi. Rundunar ruwan Birtaniya ta ba da umarni a 1844 a riƙa cewa "port", ta Amurka ta bi sahu a 1846. Faransawa kuwa sun ari nasu daga mutanen Holan, "tribord" da "bâbord", don haka tsohuwar kalmar gefen baya tana raye a Faransanci bayan ta mutu a Turanci.

Wanda ya tsallaka gefen jirgi ya shiga, ya zama "on board". Wanda ya faɗa ruwa ya tafi "overboard". Da jirgin ƙasa ya zo, da jirgin sama ya zo, duk suka gaji yaren jirgin ruwa, shi ya sa takardar da ake ba ka a filin jirgin Malam Aminu Kano sunanta "boarding pass". Wannan "boarding" da na makarantar kwana rubutunsu ɗaya, amma ɗaya daga gefen jirgi ya fito, ɗaya daga teburin abinci.

Faransanci ya ari "bord" mai nufin gefe daga harshen Farankawa, ya yi "bordure" da ita, wato bakin abu, kamar bakin zane. Turanci ya sake arowa daga Faransanci a matsayin "border", ta zama iyakar ƙasa. Ita ce boda. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020 da aka fara buɗe wasu irin su Illela da Maigatari, kalmar da ke bakin kowane ɗan kasuwa daga Jibiya zuwa Ƙonni 'yar uwar kabad ce ta jini. Kuma a nan ma babu r a ƙarshe, don Turancin da ya iso mu na waɗanda suka riga suka daina furta r bayan wasali ne, canjin da ya kankama a kudancin Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 18.

Na'urori sun zo sun ɗebi rabonsu. "Dashboard" asalinsa falanki ne a gaban keken doki, mai tare taɓon da kofato ke watsowa kan direba. Da aka cire dokin aka sa inji, falankin ya tsaya a wurinsa, aka jera masa agogunan gudu da na mai, yau kuma shafin da ke nuna maka alƙaluma a manhaja ma sunansa ke nan. "Keyboard" na fiyano ne da farko, tafireta ta ara, kwamfuta ta gada, yanzu ya koma hoto a gilashin waya. In mai gyaran waya ya ce maka bod ya ƙone, yana nufin farantin da aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin tagulla, wanda galibi da zaren gilashi da wani irin ƙaro ake yinsa, babu ko ɓurɓushin itace.

Hausa ma tana da kalmar da ta fara daga falanki ta yi tafiya, wato allo, daga "al-lauh" na Larabci, wanda shi ma katako yake nufi. Sai dai hanyar da ta bi daban ce. Ba ta taɓa zama abinci ba, ba ta zama majalisa ba, saboda a ƙasar Hausa a kan tabarma ake ci, daga akushi, shawara kuma a fada ake yinta, a zaune a ƙasa gaban sarki. Falankin da ya shiga rayuwar kowane yaro shi ne na rubutu, don haka allo ya bi layin karatu: makarantar allo, baƙin allon aji, allon sanarwa a bakin titi, allon talabijin, allon waya. Inda kawai ya kauce daga rubutu shi ne jikin mutum, faffaɗan ƙashin nan na baya da muke kira allon kafaɗa.